Sayarwa, Kyauta ko Rasuwa

Cikin shekarun da na yi ina yanka rasit, ranar da ta ƙi fita raina wata Litinin ce a ƙarshen bazara, shekara ta uku da fara aiki da Shari'a a jiharmu. A lokacin ina mataimakin jami'in tara kuɗin shiga a wata ƙaramar hukuma ta bakin iyaka a ƙasar Daura. Kafin nan na yi shekara shida a gidan rediyo ina fassara sanarwa ina karantawa, kuma abu ɗaya na fito da shi daga can, shi ne kada in rubuta abin da ba zan iya karantawa a gaban mutane ba. Ku da kuka shigo aikin daga baya kun sha tambayata dalilin da ya sa nake jan ƙafa idan aka kawo canjin suna a littafi. Yau zan faɗa muku.

Sai na fara bayyana ofishin, saboda wanda bai san shi ba. Haraji iri biyu mutane ke cakuɗawa. Akwai wanda ke bin mutum, wato na abin da yake samu. Wannan na ofishin jiha ne, kuma ma'aikacin gwamnati ba ya ma ganinsa, tun kafin albashi ya iso hannunsa an cire. Akwai kuma wanda ke bin abu, kamar shago da rumfar kasuwa da injin niƙa. Wannan shi ne namu. Muna da wani babban littafi mai baƙin bango, kowane shago da lambarsa da sunan mai shi. Duk shekara a biya, mu yanka rasit da sunan da ke cikin littafin. Ma'aji ne shugabanmu, jami'in tara kuɗi na ƙarƙashinsa, ni ina ƙarƙashin jami'in, littafin kuma a hannuna yake.

Da can ba wanda ya ɗauki littafin nan da daraja, har shayi an sha ɗorawa a kansa. Sai da kotunan Shari'a suka cika da ƙararrakin gado da na filaye. Mutanenmu ba su cika rubuta ciniki ba, shaidu suke kafawa, shaidu kuma suna tsufa suna mutuwa. Kafin ranar da nake ba ku labari, sau huɗu aka kira ni gaban alƙali da littafin a hammata. Rasit ba takardar mallaka ba ce, kowane alƙali ya san haka. Amma idan mutum ɗaya ya zube rasit goma da sunansa, ɗayan kuma bai zo da komai ba sai ɓacin rai, kun san inda maganar ke karkata.

Litinin ranar aiki ce sosai a wurinmu, don masu karɓar kuɗin kasuwa suna kawo abin da suka tara. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Sabi'u ya shigo. Malamin dabbobi ne, duk wanda ke harkar shanu daga nan har kasuwar Mai'adua ya san shi da jakarsa ta allura. Ya samu aiki a wata ƙasar Larabawa, zai riƙa duba raƙuma da tumakin wata babbar gona, kwantiragin shekara biyu, ana sabuntawa. Saura kwana tara ya tashi. Ya jira har mutane suka ragu, sannan ya jawo benci ya matso.

"Malam Hadi, so nake a goge ni."

"Daga ina?"

"Daga littafin nan naku. Gaba ɗaya."

Na buɗe. Shaguna uku ne a bakin tasha, a jere, da sunansa. Ɗaya mai ɗinki ke ciki, ɗaya mai sayar da kayan babur, na ukun mai magani. Ya gina su ne da kuɗin shanun da ya gada a wurin mahaifinsa, kuma kowa ya san kuɗin hayarsu ke ciyar da mahaifiyarsa, wadda ke zaune a Dutsi ba ta da kowa sai shi.

Na tambaye shi abin da littafin ya yi masa. Ya ce a Kano, a ofishin masu shirya musu tafiya, wani ya gaya masa cewa duk wanda ya fita ya bar sunansa a littafin haraji, gwamnati na bin albashinsa har can. A yanka a can, a yanka a nan, mutum ya yi wa gwamnati biyu bauta ya dawo da jaka wayam.

"Wa ya faɗa maka?"

"Wani ne. Ya daɗe yana fita."

"Aikin haraji yake yi?"

"Direba ne."

Na yi masa bayani yadda na iya. Na ce littafina bai san albashi ba, shago ya sani. Ko yana nan ko yana bangon duniya, abin da za a biya wa shago bai canza ba, kuma ba a aika wa kowa lambar fasfo daga teburina. Maganar albashi ta ofishin jiha ce. Ya je can ya karɓi takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku da suka wuce, ya sanar da su a rubuce cewa ya ajiye aiki zai bar ƙasa, ya tambaye su yadda za a yi da kuɗin haya tunda shi a nan ake samunsa. Dokar ƙasar da zai je kuwa na ce ban san ta ba, ya sa masu ɗaukarsa su rubuta masa abin da za a cire da wanda ba za a cire ba kafin ya hau jirgi. Yana ta gyaɗa kai kamar mai sauraron sanarwar rasuwa ta wani gari.

Da na gama ya ce, "Na gode. To a goge."

"Shago ba ya zama babu suna. Sunan wa zan sa?"

"Na su Baba."

"Mahaifinka ya rasu."

"Baba na gidan su mai ɗakina."

"Sunansa?"

Ya dubi silin. Ya dubi taga. Daga ƙarshe ya zare biro daga aljihuna ya rubuta a gefen wata takarda, ya turo mini yana kallon wani wuri. Alhaji Mamman Dillali. Na san shi, tsohon dillalin shanu ne da ya koma ƙauye ya zauna. Sabi'u na auren 'yarsa ta fari, kuma shekara goma sha biyu da auren bai taɓa furta sunan mutumin ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba. Idan suka haɗu a hanya sauka yake daga babur.

Na ce masa akwai hanya mai sauƙi. Sunansa ya zauna a littafi, a rubuta takardar wakilci cewa Alhaji ke kula da shagunan, yana karɓar haya, yana biyan haraji, yana kai wa Inna, mahaifiyar tasa, nata. Su sa hannu su biyu a gaban shaidu.

Ya yi ɗan murmushi irin na wanda yaro ya yi wa tambaya.

"Malam Hadi, mutumin da ya ba ni 'yarsa bai ce in sa hannu a ko'ina ba. Shi zan je in miƙa wa biro saboda ɗaki uku na bulo?"

"To ka nemi wani ya riƙe maka."

"In tsallake shi in ba wani? Ai gara in rushe su."

Na jawo fom ɗin canjin suna na ajiye a gabansa. Kun san shi, har yanzu shi ake amfani da shi. A tsakiya akwai wurin dalili, kuma gurbi uku ne kawai.

"Sayarwa ka yi, kyauta ka yi, ko rasuwa ka yi?"

Ya daɗe yana duban gurbi ukun.

"Sa kyauta."

"Sabi'u, ka san kyauta a Shari'a. Idan ka bayar aka karɓa, abu ya shiga hannun wanda aka ba, ta zauna. Ga takarda da hannunka ka ce ka ba shi, ga shi yana karɓar haya, ga rasit na fita da sunansa duk shekara. Me ya rage naka?"

"Ai takarda ce kawai. Shi ya san nawa ne, ni na san nawa ne."

"Sai wa kuma?"

"Allah ya sani."

"Haka ne. Amma alƙali mutum biyu yake nema."

Ya sa hannu. Ya ce yana sauri, zai je ɗaukar hoto.

Na ɗauki fom ɗin na shiga wurin Ma'aji, don jami'inmu ya tafi taro. Ma'ajin lokacin mutum ne mai son aiki ya wuce da wuri. Na faɗa masa abin da ke ciki da abin da nake gudu.

"Mutum da hankalinsa ya ce ya yi kyauta da kayansa. Kai ubansa ne? Kawo in sa hannu. Mu dai a biya."

"Ranka ya daɗe, ƙa'ida ta ce idan kyauta ce, sai wanda aka ba ya ce ya karɓa a gaban jami'i."

"Wannan ƙa'idar tun zamanin En'e ba wanda ya bi ta."

"Ba a soke ta ba, ranka ya daɗe."

Ya cire tabarau ya dube ni.

"Man babur daga aljihunka."

Ban sayi mai ba, don ranar Laraba Sabi'u da kansa ya ɗauke ni. Na gaya masa ƙa'ida ce, bai yi musu ba, ma'aikaci ne, ya san ƙa'ida ba ta da dalili. Ƙauyen na kan hanyar Babban Mutum. Da muka iso bakin gari ya tsaya a gindin wata tsamiya ya kashe babur.

"Ga gidan can, mai zaure da ƙofar langa-langa. Ina nan."

"Ba za ka shiga ba?"

"Da takarda a hannu?"

Na taka ni kaɗai. Na samu Alhaji Mamman a zaure a kan buzu, rediyo a gefensa a kashe. Dattijo ne siriri, ya haura saba'in, idonsa irin na masu kallon saniya sau ɗaya su faɗi kuɗinta. Tare da shi akwai babban ɗansa namiji, Ilu, mai kimanin shekara arba'in. Muka gaisa, aka tambayi zafi, aka tambayi hadarin da ke haɗuwa yana watsewa. Na faɗi ko ni wane ne da ofishin da na fito. Sannan na zaro fom ɗin na karanta shi daga sama har ƙasa, yadda aka koya mini, ba sauri, ba ƙari. Cewa Sabi'u ya ba da shagunansa uku na bakin tasha kyauta ga Alhaji Mamman Dillali, kuma ana neman Alhaji ya ce ya karɓa.

Ban rufe baki ba Ilu ya ce, "Masha Allah. Sabi'u ɗan halak ne. Ina ake sa hannun?"

Alhaji bai dube shi ba.

"Ilu, je ka ga ko an ba bijimin nan ruwa."

"An ba shi, Baba."

"Ƙara masa."

Da ya fita, dattijon ya ce in sake karanta masa tsakiyar. Na sake.

"Shi ya ce kyauta?"

"Shi ya zaɓa, cikin uku."

"Sauran biyun fa?"

"Sayarwa da rasuwa."

"To, ya ɗauki mai sauƙin."

Ya gyara zama a kan buzu. Sannan ya ba ni labarin yadda suka yi maganar. Makon da ya wuce Sabi'u ya zo bayan la'asar ya tsuguna a bakin ƙofa. Suka yi hirar ruwan sama da tsadar tumaki kusan awa guda. Da zai tashi ya ce, "Akwai 'yan wurare da zan bari a hannun Baba." Shi kuma ya ce, "Allah ya tsare hanya." Yarjejeniyar ke nan daga farkonta har ƙarshenta.

"Malam, shekara arba'in na yi a kara, kasuwar shanu. Ban taɓa riƙe igiyar saniya ba sai mutum biyu sun ji ta wace ce. Yanzu da tsufana za a ɗaura mini gini uku a wuya. 'Ya'yana goma sha ɗaya. Ka ga babba a cikin mazan. Ba mugu ba ne, amma ka ji saurinsa. Ranar da na kwanta dama, abin da aka samu da sunana shi za a raba. Tsohuwar can ta Dutsi ta ci me?"

"Baba, kun faɗa masa haka?"

"In ce wa mijin 'yata ya rubuta mini takarda? Sai ya ce ina zargin zai zarge ni."

"To me kuke so a yi?"

"Kai ba gwamnati ba ne? Tilasta mana."

Na ce ban gane ba.

"Ka ce doka ce. Ka ce gwamnati ta ce sai an rubuta. Shi ya zagi gwamnati, ni in zagi gwamnati, mu sa hannu."

Na gaya masa ba zan ce doka ce ba, don ba doka ba ce. Ofishinmu na karɓar kuɗi daga hannun kowa, ba ma tambayar dangantaka. Amma littafin a hannuna yake. Abin da zan iya faɗa, kuma ya zama gaskiya tun daga lokacin da na faɗe shi, shi ne ni Hadi ba zan karɓi harajin shagunan nan daga hannun wanda ba mai su ba sai na ga takardar wakilci.

"Ya isa. Amma ka faɗa da muryar nan taka ta ɗazu." Ya ɗaga yatsa. "Kuma kada ka ce masa na ƙi kyautarsa."

Na koma gindin tsamiya. Sabi'u ya miƙe yana kaɗe riga.

"An gama?"

"Fom ɗin bai wuce ba."

"Me ya faru?"

"Bai cika sharaɗi ba."

Na faɗa masa sabon matsayin teburina da muryar labaran ƙarfe bakwai. Ya ɓata rai sosai. Ya ce wannan ƙasa ba a barin talaka ya yi abin kirki, ya ce shi ya sa kowa ke gudu. Na bar shi ya gama. Sannan ya tambaya a hankali, "Su Baba sun ji haushi?"

"Sun faɗi irin abin da ka faɗa a kan gwamnati."

"To a rubuta, tunda dole ce."

A nan aikin ya fara. Tsakanin tsamiyar da zauren taku ɗari uku ne da wani abu, kuma a ranar na yi shi sau bakwai, rana na tsaka, da takalmin ofis. Ina rubutawa a kan cinyata, in je in karanta wa wannan, in dawo in karanta wa wancan. Abubuwan farko ba su ba da wahala ba. Shaguna na Sabi'u ne. Alhaji wakili ne. Zai karɓi haya, ya fara biyan harajin shekara, ya kai wa Inna nata kowane wata, abin da ya saura a ajiye don gyara. Idan za a canza ɗan haya shi zai zaɓa. Ba zai sayar ba, ba zai jinginar ba.

Sabi'u ya ce a rubuta wa Alhaji kashi ɗaya cikin goma na wahalarsa. Na kai saƙo. Alhaji ya ce la'ada a kara ake karɓarta, ya bar kara. Na goge.

Sai muka zo kan mutuwa. Alhaji ya ce in rubuta cewa ranar da ya rasu wakilci ya ƙare, shagunan ba sa cikin gadonsa, kuma limamin gari ya riƙe makullai har mai su ya turo saƙo. Na kai wa Sabi'u. Ya ce atafau.

"Kada ka rubuta wannan. Sai ka ce jira nake. Rubuta tawa. Ni zan hau jirgi, ni zan shiga cikin raƙuma. In na mutu a can, a san shaguna na magadana ne, Inna da iyali."

Na kai wa Alhaji. Ya ce ba za a rubuta wa yaro mutuwa a zaurensa yana shirin tafiya ba, ta tsoho ce ke kusa, ita za a rubuta. Na yi sawu biyu a kan wannan. Kowa na neman a rubuta tasa a bar ta ɗan uwansa. A sawu na uku na daina tambaya. Na rubuta duka biyun, na gaya wa kowannensu cewa teburina ba ya karɓar takarda mai mutuwa ɗaya. Suka sake zagin gwamnati.

Bayan la'asar aka kira liman da mai gari su zama shaidu. Sa hannu ba ya yiwuwa daga gindin tsamiya, dole Sabi'u ya zo. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a bakin ƙofa yana fuskantar bango. Na karanta takardar gaba ɗaya, da sunayensu cikakku, sunan surukin da sunan surukin, a gaban juna, abin da ban jin an taɓa yi a zauren nan ba. Duk su biyun suka zama kamar ba da su ake ba. Alhaji ya rubuta sunansa da ajami. Aka miƙa wa Sabi'u ta bayan liman ya sa hannu. Liman ya sa, mai gari ya dangwala.

Ina shirin naɗewa Alhaji ya ce, "Saura ɗaya. Ilu, zo ka sa."

"Baba, ai shaidu sun cika."

"Kai ka fi kowa bukatar tunawa."

Ilu ya sa hannu. Daga nan Alhaji ya dubi sama ta ƙofar zaure ya ce da alama ruwan bana zai yi jinkiri. Sabi'u ya ce wa bango ƙwarai kuwa, amma an ce an samu yayyafi wajen Dutsi. Suka yi minti goma a kan haka.

A hanyar komawa Sabi'u ya juyo da kai yana tuƙi.

"Yanzu sunana na nan a littafinku ke nan."

"Yana nan."

"In suka biyo ni can fa?"

"Ni za su fara tambaya. Ni kuma shago na sani, ban san raƙumi ba. Ka je ofishin jiha gobe kamar yadda na ce."

Ya je. Ranar Alhamis muka kai takardar wurin magatakardan kotu aka buga hatimi, aka yi kwafi uku, ɗaya nasa, ɗaya na Alhaji, ɗaya na manna a bangon littafi daga ciki. Ranar Juma'a na samu takardar tuhuma daga Ma'aji, in bayyana dalilin barin ofis kwana biyu a kan aikin da bai ƙara wa hukuma ko kwabo ba. Na amsa a layi huɗu. Tana cikin fayil ɗina har na yi ritaya.

Sabi'u ya tashi a ranar da aka sa masa. Kwantiragin shekara biyu ya zama huɗu, ya zama shida. Kowace shekara bayan kaka Alhaji Mamman na zuwa da kansa a bayan babur, ya tsaya a gaban teburina ya ce, "Na zo biyan na mutumin can." Ban taɓa tambayarsa wane mutum ba.

A shekara ta biyar Alhaji ya rasu, Sabi'u na can. Da aka zo rabon gado a gaban alƙali, uku daga cikin ƙananan 'ya'yan suka sa shagunan a lissafi. Ban ga laifinsu sosai ba. Shekara biyar suna ganin mahaifinsu na karɓar haya, yana sa a gyara rufi, yana korar wanda ya ƙi biya. 'Yan hayar ma da aka tambaye su suka ce Alhaji suka sani, mai kayan babur ɗin sabo ne, bai taɓa ganin Sabi'u ba. Liman da ya yi shaida ya riga Alhaji rasuwa, mai gari kuma idonsa da tunaninsa sun yi rauni. Aka aiko mini da sammaci, na ɗauki littafi na tafi.

Na karanta sunan da ke kan rasit na shekara biyar, na karanta takardar. Ɗaya daga cikin samarin ya ce takarda kowa na iya rubutawa, ina shaidun. Alƙali ya dubi ƙasan takardar ya ce akwai suna na uku. Ilu ya miƙe a hankali, da fuskar wanda za a cire wa haƙori.

"Allah ya gafarta Malam, hannuna ne. Ba namu ba ne. A cire."

Aka cire. Sabon liman ya riƙe makullai wata biyu, har saƙo ya zo daga can cewa Ilu ya ci gaba da wakilci. Wannan karon su biyun suka nemi takarda da kansu, don tsakaninsu ba kunya sai gaisuwa. Kuɗin Inna bai tsaya ko wata ɗaya ba har ta koma ga Allah.

Sabi'u ya dawo gida a shekara ta bakwai, ya yi ƙiba, ya sayi mota. Ya shigo ofis wata safiya, na miƙe muka gaisa, na yi masa ta'aziyya biyu. Na ɗauka wata magana ce ta kawo shi. Ya zaro rasit ɗin bana ya ajiye a teburina ya ce ya ga an ƙara kuɗin shago, yana so ya san dalili. Na yi masa bayani. Ya ce ƙasar nan ba ta canzawa, ya tafi.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne abin da nake so ku ɗauka. Duk mai shirin fita waje da ya zo gabanku, tsoron haraji ne ya kawo shi, kuma saboda tsoron ƙaramin kuɗi zai iya sa hannu ya ba da gini. Ku raba masa wanda ke bin mutum da wanda ke bin abu, ku tura shi inda ya dace, abin da ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba. Sannan ku tambaye shi hannun wa zai bar kayansa, kuma ku lura da sunan da ya kasa faɗa, don a nan aikin yake. Mutanenmu ba macuta ba ne yawancinsu. Suna da maganganun da ba sa iya yi wa juna, kuma suna bukatar wani baƙo marar kunya ya shigo ya yi musu, su haɗu su ji haushinsa. Gwamnati na biyanku albashi a ƙarshen wata. Wani ɓangare na kuɗin nan na wannan rashin kunyar ne, ku yi ta da kyau.